Ciwon Tsoka Mai Kama Huhu da Zuciya: Yadda Likitoci Ke Hango Haɗarin da Yadda Suke Tunkararsa

A ɗauka mace ce 'yar shekara arba'in da 'yan kai. Wata uku ke nan tashi daga sujada ya zame mata aiki, sai ta dafa bango. Ɗaura ɗankwali ma sai ta sauke hannu ta huta a tsakani. Da aka kai ta asibitin koyarwa, likita ya gwada ƙarfin cinyoyinta da kafaɗunta, ya juya tafin hannunta yana duba gefen yatsu, sannan ya ɗora abin sauraro a ƙasan bayanta ya daɗe a wurin. Takardun da ya fara rubutawa su ne na hoton CT na ƙirji, mai nuna cikin ƙirji yanka-yanka, da gwajin busa iska, da gwajin zuciya. A nan ne dangi kan fito baranda suna tambayar juna, "Ƙafa muka kawo, me ya kai mu ƙirji?"

Abin da likitan ya yi ya dace da ƙa'idojin da aka fitar a 'yan shekarun nan. A 2022 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi da cututtukan garkuwar jiki ta Birtaniya ta fitar da jagora kan kula da masu wannan ciwo. A 2023 kuma takwararta ta Amurka, wato ACR, tare da ƙungiyar likitocin ƙirji ta CHEST, suka fitar da ƙa'idojin gano ciwon huhu da maganinsa a cututtukan garkuwar jiki, cikakken rubutun ya fito a 2024. Ƙa'idojin sun zo da abubuwan da suka ɗaure wa majinyata kai: hoton ƙirji na yau da kullum bai wadatar ba, wasu majinyata a haɗa musu magunguna uku masu ƙarfi tun ranar farko, kuma akwai gwajin zuciyar da ke iya yaudarar likita.

## Wace irin cuta ce?

Aikin garkuwar jiki shi ne ta gane baƙo ta yaƙe shi. A wasu mutane takan rikice ta juya kan naman jikin mai ita. Idan tsoka ta fi kamawa, sunan ciwon mayosaitis, wato kumburin tsoka. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba kasafai ake samunsa ba. Rauni ne babbar alamarsa, fiye da zafi, kuma yakan fara daga tsokokin da ke kusa da gangar jiki: cinya, ƙugu, kafaɗa da wuya.

Iri-iri ne. Akwai wanda ke zuwa da ƙuraje ko canjin launin fata a fatar ido, bayan yatsu, wuya da ƙirji, shi ne damatomayosaitis, sunan da likitan Jamus Heinrich Unverricht ya raɗa masa a 1891. Akwai wanda ke kashe zaren tsoka da sauri, wani lokaci bayan shan maganin rage kitsen jini na sitatin. Akwai na waɗanda suka haura hamsin, mai tafiya a hankali yana raunana yatsu da gaban cinya. Akwai kuma wanda ke haɗuwa da wasu cututtukan garkuwa, kamar mai taurara fata.

Tun 1975, lokacin da Bohan da Peter suka tsara sharuɗɗan gane ciwon, hankalin likitoci na kan tsoka da fata: yaya raunin yake, kuma nawa sinadarin CK, wanda ke zuba cikin jini idan tsoka ta lalace, ya hau? Da aka tara bayanan majinyata na shekaru, sai ta bayyana cewa abin da ya fi kai su kabari shi ne huhu, zuciya, ciwon daji, da cututtukan da ke samun kafa bayan an danne garkuwa da magani. Mutum na iya kasancewa da CK lafiya lau, yana tafiya da ƙafarsa, alhali huhunsa na cikin haɗari.

## Hanyoyin da ciwon ke bi ya kai ga numfashi

Hanya ta farko ta tsoka ce. Numfashi kansa aikin tsoka ne, musamman faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta raunana, huhun lafiyarsa ƙalau amma babu mai ja masa iska. Irin wannan majinyaci ya fi jin sarƙewa idan ya kwanta rigingine, yakan tashi da ciwon kai da safe. Ta biyu ta maƙogwaro ce: tsokokin haɗiya sun yi rauni, ruwa ko abinci na zarcewa hanyar iska, mutum na yawan ƙwarewa, sai ciwon nimoniya ya riƙa dawowa.

Ta uku ita ce babba. Huhu cike yake da ƙananan jakunkunan iska, a tsakaninsu kuma akwai siririyar saƙa da jijiyoyin jini ke ratsawa, inda iskar oksijin ke tsallakawa zuwa jini. Garkuwar jiki na iya kumbura wannan saƙa, kuma idan kumburin ya daɗe sai ya koma tabo. Wannan shi ne ciwon saƙar huhu. Idan aka haɗa binciken ƙasashe daban-daban, kusan huɗu cikin goma na masu mayosaitis suna da shi. Alamarsa busasshen tari da haki, da farko sai an hau bene ko an yi sauri, daga baya har a wajen wanka. Abin da likitan nan ya daɗe yana saurara a ƙasan baya wata ƙara ce siririya, kamar ana murza busasshen ganye a kusa da kunne, a ƙarshen jan numfashi.

Bambancin kumburi da tabo shi ne ginshiƙin duk maganar magani. Kumburi na sauka idan an danne garkuwa. Tabo ba ya komawa, iyakar abin da ake iya yi shi ne hana shi ƙaruwa.

## Abin da jini ke faɗa tun kafin numfashi ya sarƙe

Garkuwar jiki na ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, kowanne da abin da yake hari. A masu mayosaitis an gano fiye da goma da suka keɓanta da ciwon, kuma galibi mutum guda ɗaya yake ɗauke da shi. Wanda yake ɗauke da shi ɗin yana nuna inda ciwon zai dosa.

Ɗaya daga cikin na farko da aka gano, a 1980, shi ne Jo-1. Yana cikin wani dangi da ya haɗa da PL-7, PL-12, EJ da OJ. Masu ɗauke da ɗaya daga cikinsu yawancinsu suna samun ciwon saƙar huhu, tare da zazzaɓi, kumburin gaɓoɓi, yatsu masu canja launi a sanyi, da kaushi da tsagewar fata a gefen yatsu kamar hannun bakanike. Wannan kaushin ne likita ke nema idan ya juya tafin hannu. A masu PL-7 da PL-12 huhun yakan fi tsanani, kuma sau da yawa tsokar ba ta nuna komai, don haka ganewar kan makara. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins da aka wallafa a 2017 ya samu cewa a wannan dangi ciwon huhun ya fi tsanani a baƙaƙen fata. Samun wani antibodi mai suna Ro52 tare da ɗaya daga cikin waɗannan shi ma yana ƙara nauyin ciwon.

Wanda ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne MDA5. Masu bincike a Japan ne suka fara bayyana shi a 2005, aka gane ainihin abin da yake hari a 2009: wani furotin da aikinsa shi ne hango ƙwayoyin bairos a cikin ƙwayar halitta. Mai ɗauke da shi sau da yawa ba shi da raunin tsoka ko kaɗan. Abin da yake zuwa da shi gyambo ne a fata, ƙuraje masu zafi a tafin hannu, ciwon baki, zubewar gashi da ciwon gaɓoɓi. A wasu daga cikinsu huhu na lalacewa cikin makonni. A rahotannin farko daga Japan da Sin, kusan rabin waɗanda ciwon ya zo musu da wannan sauri sun rasu cikin wata shida. Sai dai ba kowane mai MDA5 ke bin wannan hanya ba. Wani bincike a Faransa a 2020 ya raba su gida uku: masu ciwon huhu mai sauri, masu ciwon fata da gaɓoɓi wanda ƙarshensa kan yi kyau, da masu gyambo da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini.

To ta yaya za a san gidan da mutum ya faɗa? A nan ake duba wasu ma'aunai a jini. Feritin, wanda aka fi sani a matsayin ma'ajiyar sinadarin ƙarfe, yana hawa sosai idan garkuwa ta hargitse. CRP na nuna kumburi, LDH na nuna lalacewar nama, KL-6 kuma na fitowa daga bangon jakunkunan iska idan sun ji rauni. Raguwar fararen ƙwayoyin jini na limfosait, yawan shekaru, da ƙarancin oksijin tun ranar zuwa asibiti, duk suna nuna haɗari. Masu bincike sun haɗa waɗannan sun yi ma'aunin hasashe. Na Shanghai, mai suna FLAIR, wanda ya fito a 2020, yana haɗa feritin, LDH, MDA5, makin hoton CT da saurin ciwon. Na Japan, MCK, wanda ya fito a 2021 daga bayanan majinyata kusan 500, abu uku kawai yake dubawa: MDA5, CRP da KL-6.

Waɗannan ma'aunai suna da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. An gina su a kan majinyatan gabashin Asiya. Ko iyakar feritin ba a daidaita a kanta ba: wani binciken Japan ya sa ta a 1,600, na Shanghai bai kai rabin haka ba. A wuraren da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka suka yawaita, ko a mai sikila da aka sha ƙara wa jini, feritin da CRP na iya hawa saboda wani dalili daban. Ma'aunin na faɗin abin da ya faru da rukunin mutane masu kama da majinyacin, likita kuma shi zai auna shi da abin da yake gani a gabansa daga mako zuwa mako.

## Me ya sa hoton ƙirji bai isa ba?

Ƙa'idojin 2023 sun ce a nemi ciwon saƙar huhu da abu biyu: hoton CT mai yanka sirara, da gwajin aikin huhu. Ba su yarda a dogara da hoton ƙirji na yau da kullum ba, domin yakan fito fes alhali ciwon ya fara a ƙasan huhu, bayan inuwar zuciya da hanta. Sun kuma yi hani mai ƙarfi da a yi tiyata a yanko naman huhu don tantancewa kawai.

Gwajin aikin huhu na auna yawan iskar da mutum ke iya busowa bayan ya cika ƙirjinsa, da yadda iska ke tsallakawa zuwa jini. Idan aka yi busar a zaune aka sake a kwance sai adadin ya faɗi sosai, hankali na komawa kan raunin tsokar numfashi. Ga wanda aka tabbatar yana da ciwon, shawarar ita ce a maimaita gwajin duk wata uku zuwa shida a shekarar farko. Lamba guda ba ta faɗin komai sosai, jerin lambobin ne ke nuna ko ana hawa ko ana gangara.

Akwai kuma 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin. Binciken jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa a baƙaƙen fata ta fi ɓoye ƙarancin oksijin, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Mai haki da na'urar ta nuna masa kashi 94 cikin ɗari ba lallai ne ya tsira ba.

## A hau mataki-mataki, ko a haɗa ƙarfi tun farko?

Ga mafi yawan majinyata, waɗanda ciwon huhunsu ke tafiya a hankali, babu jayayya mai yawa. Ana farawa da sitiroyid irin su firednisolon don kashe kumburi da wuri, a haɗa da wani maganin danne garkuwa da zai riƙe ciwon idan aka fara rage sitiroyid ɗin. Ƙa'idojin sun fifita maikofenolet, azatayofirin, ritukzimab, da dangin takrolimus. Binciken RECITAL da aka yi a Birtaniya a kan majinyata 101, waɗanda da yawansu masu mayosaitis ne, ya gwada ritukzimab da tsohon maganin nan saikulofosfamaid. Duka biyun sun inganta numfashi a mako 24. Ritukzimab bai fi ƙarfi ba, amma illolinsa sun fi sauƙi. Idan tabo ya ci gaba duk da magani, ana iya ƙara nintedanib, wanda a binciken INBUILD na 2019 ya rage saurin raguwar aikin huhu da fiye da rabi, ko da yake masu mayosaitis kaɗan ne a cikin waɗanda aka gwada.

Saɓanin yana kan ciwo mai sauri, musamman na MDA5. Tsohuwar hanya ita ce a fara da sitiroyid, idan bai yi ba a ƙara na biyu, sannan na uku. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin jami'ar Kyoto suka ce kafin a kai mataki na uku huhun ya riga ya tafi. A binciken da suka wallafa a 2020 sun ba majinyata 29 magani uku a lokaci guda: sitiroyid mai yawa, takrolimus, da saikulofosfamaid ta jijiya. Bayan wata shida kashi 89 cikin ɗari suna raye, alhali a rukunin baya da aka bi da su mataki-mataki kashi 33 ne suka kai. A Shanghai kuma, a 2019, an ba majinyata 18 da ciwonsu bai yi nisa ba tofasitinib tare da sitiroyid, dukkansu suka kai wata shida, idan aka kwatanta da kashi 78 a rukunin baya. Tofasitinib na toshe hanyar saƙon intaferon, sinadarin da ake ganin shi ke rura wutar wannan nau'i.

Masu taka-tsantsan ba su musanta lambobin ba, amma suna da hujjoji. Majinyatan kaɗan ne. An kwatanta su da mutanen da aka yi wa jinya a shekarun baya, lokacin da ba a gane ciwon da wuri, don haka wani ɓangare na nasarar na iya zama na saurin ganewa. Sannan magani uku a lokaci guda na buɗe ƙofa ga cututtuka masu kisa: a binciken na Kyoto kansa, farfaɗowar bairos ɗin CMV ta yawaita. Idan aka ba duk mai MDA5 wannan haɗi, har da wanda nasa na fata da gaɓoɓi ne kawai, an jefa shi haɗarin da bai zama dole ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙa'idojin Amurka sun karkata ga haɗa ƙarfi tun farko, amma ga wanda ciwonsa ke sauri: sitiroyid mai yawa ta jijiya, magani uku ga mai MDA5, biyu ko uku ga sauran, da tura majinyaci cibiyar dashen huhu da wuri. Yawancin shawarwarin an yi musu laƙabin "bisa sharaɗi", ma'ana hujjar ba ta kai ƙarfin da za a ɗaure kowa da ita ba. Shi ya sa hasashe ya zama rabin magani a wannan ciwo: shi ke raba wanda za a yi wa gaggawa da wanda za a bi a hankali.

Sauran hanyoyin a taƙaice. Antibodin da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawa, wato IVIG, ya nuna amfani a binciken ProDERM na majinyata 95, inda kashi 79 suka samu sauƙi a kan kashi 44 na waɗanda ba a ba su ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi ga damatomayosaitis a 2021. Binciken ya auna tsoka da fata ne, amma ana amfani da shi a huhu saboda ba ya danne garkuwa kamar sauran. Wankin ruwan jini ana yinsa a matsayin ceto idan komai ya ƙi, musamman a Japan. A 2023 likitocin Erlangen a Jamus suka ba da rahoton majinyaci mai Jo-1 da ya farfaɗo bayan an sarrafa fararen ƙwayoyin jininsa aka mayar masa, hanyar da ake kira CAR-T, wadda har yanzu tana matakin gwaji.

## Zuciya ma tsoka ce

Kumburin da ya kama cinya na iya kama naman zuciya. Idan ya yi, yakan rikita bugunta, ya toshe hanyar saƙon da ke daidaita bugun, ko ya raunana ta har ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Waɗanda alamun ke fitowa fili a jikinsu kaɗan ne, amma gwaji mai zurfi na gano tabo a zukatan da yawa da ba su koka da komai ba. Akwai kuma hanya ta biyu: kumburi mai daɗewa na saurin toshe jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Wani bincike a lardin British Columbia na Kanada, a 2016, ya samu haɗarin toshewar jijiyar zuciya ya ninka kusan sau uku zuwa huɗu a masu mayosaitis, kuma ya fi yawa a shekarar farko bayan gano ciwon.

Wahalar ita ce alamun na ɓuya. Haki za a ɗora wa huhu, gajiya a ɗora wa tsoka, kumburin ƙafa a ɗora wa sitiroyid. Gwajin jini ma na da tarko. Turofonin, sinadarin da ake aunawa don gane raunin zuciya, iri biyu ne, T da I. Tsokar jiki da ke ƙoƙarin warkewa tana fitar da nau'in T, don haka yakan hau a mai mayosaitis ko da zuciyarsa lafiya take. Nau'in I ya fi keɓanta da zuciya, shi ne jagoran Birtaniya na 2022 ya ce a yi amfani da shi. Bayansa sai ECG mai zana bugun zuciya a takarda, hoton eko mai nuna motsinta, na'urar da ke naɗar bugu na yini guda, da hoton MRI na zuciya, wanda ke iya bambance sabon kumburi da tsohon tabo.

Hasashe a nan bai kai na huhu ƙarfi ba. Antibodin da ke hari kan maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari, wanda aka fi sani a wani ciwon hanta, an danganta shi da mayosaitis mai kama zuciya tun wani rahoton Japan na 2012. Game da wani antibodi mai suna SRP, rahotannin farko sun ce yana kama zuciya sosai, na baya kuma ba su haɗu a kan haka ba. Masu mayosaitis haɗe da ciwon taurarar fata su ma ana sa musu ido. Babu wani babban gwajin kwatanta magunguna da aka yi kan zuciyar masu wannan ciwo, don haka ana danne kumburin da magungunan da aka ambata, a haɗa da maganin gazawar zuciya na yau da kullum, a sa na'urar daidaita bugu idan hanyar saƙo ta toshe. Magungunan kansu suna da nasu nauyin: sitiroyid na tayar da suga da hawan jini, takrolimus na taɓa ƙoda, IVIG da tofasitinib na iya kawo gudan jini.

Akwai wani sabon nau'i da magungunan ciwon daji na zamani masu kunce wa garkuwa birki, irin su nibolumab, suka zo da shi. A 2016 aka ba da rahoton majinyata biyu a Amurka da suka rasu sakamakon kumburin tsoka da zuciya jim kaɗan bayan fara irin wannan magani. Ba ya yawan faruwa, amma yakan zo a makonnin farko, kuma faɗuwar fatar ido ko raunin wuya a mai shan waɗannan magunguna dalili ne na duba zuciya a ranar.

## Abin da wannan ke nufi ga majinyaci a ƙasar Hausa

Tari mai daɗewa, rama, zazzaɓi da inuwa a hoton ƙirji, a Kano ko Maraɗi tarin fuka ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma wannan zato yana kan hanya domin shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Matsalar tana tasowa ne idan gwajin kaki na GeneXpert bai nuna komai ba, aka fara magani duk da haka, wata biyu suka wuce hakin na ƙaruwa. A irin wannan hali duba hannu, fatar ido da ƙarfin cinya ba ya cin ko sisi. A baƙar fata ƙurajen ba sa fitowa ja ko shuɗi-shuɗi kamar yadda littattafan Turai ke nunawa, sukan zo a matsayin duhu, kumburi ko kaushi, man bilicin mai sitiroyid kuma na iya dusashe su. Haka nan mace mai jego da zuciyarta ta gaza: gazawar zuciya bayan haihuwa sananniya ce a yankin, tun rahotannin Zariya na shekarun 1970, amma idan akwai raunin kafaɗa da ƙuraje tare da ita, akwai buƙatar a faɗaɗa bincike.

Sitiroyid da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, ko a cikin ƙwayoyin ƙiba na sha-ka-fashe, na kawo sauƙi na ɗan lokaci, ya sauke CK, ya ɓoye alamun da likita zai gane ciwon da su. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, domin hakan na da nasa haɗarin. Ya tafi da kwalin asibiti ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana sha.

Kafin a fara danne garkuwa, gwajin tarin fuka, ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau wajibi ne, kuma a nan ya fi zama wajibi saboda yawan masu ɗauke da biyun farko ba su sani ba. Ritukzimab na iya tayar da ciwon hanta B da ya kwanta har hanta ta gaza. Ana kuma ba da Septrin don kare huhu daga wata ƙwayar cuta da ke kama masu raunin garkuwa. Mace mai niyyar haihuwa ta faɗa tun farko, domin maikofenolet da saikulofosfamaid na cutar da ɗan tayi, azatayofirin da takrolimus kuma ana iya amfani da su da kulawar likita.

Sai maganar kuɗi. IVIG ana ba da giram 2 ne a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 60 na buƙatar giram 120 duk wata. Gwajin antibodi sau da yawa sai an aika jini wani gari ko wata ƙasa, sakamakon ya ɗauki makonni. Likitoci ba sa jiran takardar idan alamun MDA5 sun bayyana a fata kuma numfashi na raguwa kullum, da abin da ke hannu ake farawa. Ga wanda ba zai iya yin duk gwaje-gwajen ba, hoton CT guda ɗaya mai kyau da gwajin busa da ake maimaitawa a wuri ɗaya sun fi hotunan ƙirji biyar amfani.

Tsawon sa ido ya danganta da nau'in. A MDA5 haɗarin ya taru ne a wata shida na farko, wanda ya tsallake su sau da yawa ciwon kan lafa. A dangin Jo-1 ciwon ya fi jin magani da farko, amma yana yawan dawowa idan aka rage magani da sauri, shi ya sa ake ɗaukar shekaru ana sha. A kowane nau'i, hakin da ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, sabon zazzaɓi, ciwon ƙirji, bugun zuciya mai tsalle, suma, ko kumburin wuya da ke ƙara kamar leda idan an taɓa, wanda ke nuna iska ta fita daga huhu ta shiga ƙarƙashin fata, duk na komawa asibiti ne a ranar, ko da lokacin ganin likita bai yi ba.